Daga Kantun Balma Zuwa Cokalin Shayi

Da asubahin Juma'a, 8 ga Agustan 2014, wayar hannu ta riga ladan tayar da mutane a gidaje da yawa na Kaduna. Saƙo ɗaya ke yawo. Yaya ta kira ƙanwa, ɗa ya kira tsohuwarsa a ƙauye, maƙwabci ya buga wa maƙwabci ƙofa, kowa na cewa a tashi a ɗora ruwa, a zuba gishiri, a yi wanka a kuma kurɓa kafin rana ta fito, wai shi ne makarin Ebola. Kwana 19 ke nan da wani ɗan Laberiya mai suna Patrick Sawyer ya sauka a Legas da cutar a jikinsa, tsoro kuwa ya riga ya gama ƙasa. Unguwar Kanawa ta samu nata rabon kiran, kamar Badarawa da Unguwar Shanu da Kawo. Kafin ministan lafiya na lokacin, Farfesa Onyebuchi Chukwu, ya fito ya ce zancen ƙanzon kurege ne, mai sha ya riga ya sha. Jaridu sun ruwaito mutuwar aƙalla mutum biyu, an kuma kwantar da kimanin ashirin a asibiti. Ita Ebolar ko Arewa ba ta iso ba.

Da saƙon cewa ya yi a sha ruwan barkono ko na kuka, da tsaki za a yi a koma barci. Gishiri kuwa yana da tsohon mutunci a idon Bahaushe, mutuncin da ya tara tun zamanin da sai an ƙetare hamada ake ganinsa. Likitan da ke ɗaure wa dattijuwa hannu da abin awo a yau, ya dube ta ya ce, "Hajiya, a rage gishiri," da shekara ɗari biyar yake kokawa, ko ya sani ko bai sani ba.

Kundin tarihin sarakunan Kano ya adana lokacin da abin ya fara. A zamanin Sarki Yakubu, mahaifin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta tsakanin 1452 da 1463, Abzinawa suka sauko Gobir, daga nan gishiri ya wadata a ƙasar Hausa. Marubucin da ke lissafa yaƙe-yaƙe da gine-ginen sarakuna bai ga ƙasƙanci ba a ya tsaya ya ambaci gishiri, domin a wancan zamani zuwansa labari ne.

Tushensa Bilma ce, a yankin Kawar da ke arewa maso gabashin Nijar ta yau, da ƙanwarta Fachi. Daga sunan garin Hausawa suka samu kalmar balma. Barebarin can suna haƙa ramuka, ruwan ƙasa mai gishiri ya tsattsafo, rana ta ƙone shi. Tsabar farko, fara mai ƙyalli, ita ce beza, ta miyar masu hali. Sauran kuwa a cuɗa shi, a ɗura a cikin kututturen dabino da aka fafe, a kife shi ya bushe, ya fito dogo mai tsini kamar turmin da aka juya. Wannan shi ne kantu, mai nauyin kilo ashirin ko kusa da haka. Sunan ya daɗe har ya yi 'ya'ya: da sukarin Bature ya zo a dunƙule, kantu aka ce masa.

Ɗauko shi aikin Buzaye ne, musamman Kel Ewey da Kel Geres, waɗanda suka ƙwace ragamar cinikin daga hannun Barno a tsakiyar ƙarni na 18. Da kaka, wajen watan Oktoba, ayari ke tashi daga duwatsun Abzin ya faɗa Tenere, sararin yashi na ɗaruruwan kilomita da ba ciyawa ba inuwa. Kowane raƙumi da damin harawarsa a baya, ana ajiye wani a hanya don dawowa. Madugu na gaba, yana karanta taurari da kwanciyar rairayi, in ya kuskure rijiya ɗaya ayarin ya halaka. A Bilma ba a cika maganar kuɗi ba, gero ake bayarwa a karɓi gishiri da dabino, geron kuwa daga gonakin Damargu da ƙasar Hausa ya fito. Bayan an koma Abzin an huta, sai a gangaro kudu, Damagaram, Katsina, Kano, a sauka a Fagge. Raƙuma su yi rani suna cin karan gonaki suna zuba taki, fatoma da dillali su ci nasu rabo, a sayi hatsi da turkuɗin Kura, damina na ƙaratowa a juya arewa.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani a nan da Abdulkarim, ya biyo irin wannan ayari a ƙarshen 1850, ƙarƙashin wani babban Kel Ewey mai suna Annur. Ya ƙiyasta kayan raƙumi 3,000 na gishiri, ya ce kashi ɗaya cikin uku a ƙasar Kano za a sayar. Ya kuma lura da wani ciniki da ya fi wannan yawa: kanwar Barno da ke ratsa Kano zuwa Nufe, wadda ya ce ba ta gaza kaya 20,000 na takarkarai da jakuna a shekara ba. A farkon ƙarni na 20 Turawan Faransa sun ƙirga ayarin Bilma guda da raƙuma 20,000.

Balma ba ita kaɗai ba ce a kasuwar Kurmi. Akwai mangul da manda daga ƙasar Manga da Muniyo, akwai ungurnu daga bakin Tafkin Chadi, jar kanwa da farar kanwa, gishirin Foga daga kwarin Dallol, da na Awe da Keana da Azara, inda mata ke tace ƙasa su dafa ruwan a tukwane. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya yi littafi sukutum a 1986 a kan wannan ciniki. Kowane iri da aikinsa: na miya, na lasar dabbobi, na taba, na jima, na magani. Talakan ƙauye da bai da wurin saye, matarsa ta ƙona kara ko ƙaiƙayi, ta tace toka, ta ɗiga ruwan a miya. A irin wannan duniya aka haifi al'adar sa gishiri cikin kayan neman aure, wadda har gobe wasu garuruwa ba su bari ba. A cikinta kuma aka ga cewa mai yi wa labari ado gishiri yake ƙara masa, abin da ba armashi kuwa a ce ya yi lami.

Jirgin ƙasa ne ya karya farashi. Tun kafin zuwansa gishirin Ingila, wanda ake haƙowa a Cheshire a ɗoro daga Liverpool, yana hawowa ta kogin Kwara a kwale-kwalen Kakanda, har sunansu ya bi shi. Da dogo ya isa Kano a 1911, sai fari tas ɗin nan na buhu ya cika kantunan kamfanonin Turawa irin su John Holt, a kuɗin da raƙumi ba zai iya gasa da shi ba. Wannan dogon dai shi ya haifi Kaduna, wadda Lugard ya mayar da ita hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Garin ma'aikata ne da sojoji da leburori da 'yan kasuwar da suka biyo su, kowa ya yi unguwa da sunan inda ya fito ko abin da yake yi. Unguwar Kanawa, wadda ke kan hanyar Kawo daura da tsohuwar makarantar horar da hafsoshi, sunanta ya faɗi waɗanda aka san ta da su: jikokin mutanen da ayarin Abzin ke sauke wa kaya, yanzu suna sayen gishirin Liverpool a gwangwani.

Sau biyu aka tuna musu cewa arhar aro ce. A Yaƙin Duniya na Biyu jiragen ruwa suka yi ƙaranci, gishiri ya ɓace a kasuwannin Najeriya, gwamnatin mulkin mallaka ta shiga rabo da ƙayyade farashi, 'yan bayan fage suka yi kuɗi. A yaƙin basasa kuma, da aka toshe Biyafara, matan Uburu da Okposi da ke dafa ruwan tafkunansu suka zama abin dogaro ga yanki guda. Wanda ya rayu cikin waɗannan shekaru, rashin gishiri ya sani a matsayin masifa. Yawansa kuwa bai taɓa jin an kira shi cuta ba.

Wurin da aka fara kiransa haka da hujjar asibiti a ƙasar Hausa bai fi kilomita 80 daga Unguwar Kanawa ba. A 1969 wani likita ɗan Birtaniya, Eldryd Parry, ya kama aiki a matsayin farfesa a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Shi da abokin aikinsa Neil Davidson suka lura da wani abu da ba su taɓa gani da wannan yawa ba a ko'ina: mata masu jego, da yawansu matasa, ana kawo su makonni kaɗan bayan haihuwa, ƙafa ta kumbura, ciki ya ɗauki ruwa, haki ya hana su kwanciya sai a zaune. Zuciya ce ta gaza. Daga 1969 zuwa 1972 suka tattara bayanan mata 224, suka buga sakamakon a 1978. Kusan dukkansu Hausawa ne da Fulani, alhali asibitin na karɓar kowace ƙabila. Lissafinsu ya nuna mace ɗaya cikin kowace ɗari da ta haihu a yankin na iya faɗawa ciki, adadin da ba a ji irinsa ba a duniya. Ciwon kuma yana da lokaci: ya fi tsananta da bazara zuwa farkon damina.

Sai likitocin suka bar ɗakin haƙuri suka leƙa ɗakin mai jego. Abin da suka tarar kowace Bahaushiya ta san shi. Wanka safe da yamma da tafasasshen ruwa, ana fyaɗa shi da ganye, kwana arba'in, mai haihuwar fari ma har ta haura wata uku. Gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Ga ƙauri da yaji, ga kuma kunun kanwa kwarya guda, ungozoma ko gwaggo na tsaye a kai tana cewa, "Shanye, 'yar nan, shi ke kawo nono, shi ke fitar da sanyi." Ba mugunta a ciki ko kaɗan. Tsoron sanyi ne, wanda a fahimtar iyayenmu shi ke shiga jikin da haihuwa ta buɗe ya kumbura shi. Abin takaicin shi ne da kumburin ya bayyana, sai a ce sanyi ne ya yi yawa, a ƙara wuta, a ƙara kanwa.

Bayanin su Parry mai sauƙin kamawa ne. Kanwa, duk da Turancin kasuwa na kiranta da sunan da ke nufin fotasiyam, mafi yawanta sodiyam ce, sinadarin da ke cikin gishirin miya. Sodiyam na riƙe ruwa a jiki, jini ya ƙara yawa. Zafi kuma na buɗe jijiyoyin fata, dole zuciya ta ninka bugu don cika su. Zuciyar da ta ɗauki kayan wata tara, aka kuma ɗora mata waɗannan biyun a tsakiyar bazara, sai ta durƙusa. Da an ba matan maganin fitar da ruwa da na ƙarfafa zuciya, aka raba su da kunun, da yawa sun miƙe cikin kwanaki. Waɗanda aka ci gaba da bibiya fiye da shekara ashirin, an ga hawan jini ya kama da yawa daga cikinsu. Labarin Zariya ya shiga littattafan koyar da likitoci na duniya, kuma daga nan ma'aikatan awon ciki a Arewa suka ɗauki karatun da har yau suke maimaitawa: a sassauta ruwan, a bar kanwa.

A waje ma ba da daɗewa aka yarda da laifin gishiri ba. Likitoci biyu a Faris, Ambard da Beaujard, sun nuna tun 1904 cewa rage shi na sauke jinin marasa lafiya, aka yi biris da su. Da yawa cikin manyan likitocin lokacin suna ganin hawan jini dabara ce ta jiki da bai kamata a taɓa ba. Ranar da shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya faɗi, 12 ga Afrilun 1945, awonsa 300 bisa 190 ne. A shekarun nan ne Walter Kempner na Jami'ar Duke yake ɗora majinyata kan shinkafa da 'ya'yan itace ba ko ɗigon gishiri, jini na sauka, amma kaɗan ke jure azabar. Lewis Dahl ya biyo baya a shekarun 1960 da ɓerayensa, ya nuna akwai jinin gidan da gishiri ke kayarwa, akwai wanda ko a jikinsa. A 1977 wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ƙarƙashin George McGovern ya shawarci kowa da kowa da giram 3 a rana, aka yi ca, kafin shekara ta ƙare suka mayar da shi 5.

Game da baƙar fata kuwa, karatun ya yi juyin waina. A 1929 wani likitan mulkin mallaka a Kenya, Donnison, ya rubuta cewa cikin majinyata 1,800 da ya kwantar bai ga mai hawan jini ko ɗaya ba, aka daɗe ana cewa ciwon Bature ne. Oladipo Akinkugbe na Ibadan ya rusa wannan da awon dubban mutane a ƙasar Yarbawa, ya fitar da littafi a kai a 1972. Daga baya wasu a Amurka suka koma ɗaya gefen, suka ce ai jinin baƙar fata ne ke riƙe gishiri tun daga jiragen bayi. Binciken Richard Cooper na 1997 ya sa wannan ma cikin shakka: masu hawan jini kashi 16 cikin ɗari ne a Afirka ta Yamma, 26 a tsibiran Karibiyan, 33 a Amurka. Asali ɗaya, tukunya daban.

Ana cikin haka gwamnatin Najeriya ta shigo da nata saƙon, kuma sau biyu saƙon yabon gishiri ne. A tsakiyar shekarun 1980, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya, rediyo ya koya wa kowace uwa haɗa ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali ɗaya a shafe na gishiri, goma na sukari ko kantu biyar, a ruwa cikin kwalbar lemo biyu. Yaran da wannan haɗi ya ƙwato daga gudawa ba su ƙirguwa. Sai 1993, aka wajabta sa sinadarin aidin a duk gishirin ci, don yaƙi da maƙoƙo da daƙushewar ƙwaƙwalwar jarirai. A lokacin, bincike ya nuna kusan kashi 20 cikin ɗari na da kumburin wuya, ya fi yawa a yankunan duwatsu na tsakiyar ƙasa. Aikin ya zo da sauƙi domin kusan duk gishirin ƙasar ta tashar jiragen ruwa yake shigowa, ta hannun kamfanoni 'yan ƙalilan. Hukumar NAFDAC a zamanin Dora Akunyili ta matsa, a 2005 Najeriya ta zama ta farko a Afirka da aka tabbatar ta cika sharaɗin. Nasara ce ta gaske. Amma ta sake ture balma da gishirin Keana gefe, tunda ba aidin a cikinsu, ta kuma ƙara zaunar da tunanin cewa farin gishirin leda magani ne.

Wani baƙon kuma ba gwamnati ce ta kawo shi ba. Dunƙulen da Julius Maggi na Siwizalan ya ƙirƙiro a 1908 ya shigo kasuwannin Najeriya bayan samun 'yanci, cikin shekara ashirin ya kori daddawa daga gaban murhu zuwa bayansa. Sunan kamfani ya zama sunan jinsi, Knorr da Royco ma magi ake ce musu, Ajinomoto kuwa farin magi. Kusan rabin nauyin kowane dunƙule gishiri ne, farin magin ma akwai sodiyam a jikinsa. Amaryar da ke son miyarta ta yi suna a gidan miji ba ta cire gishiri ta sa magi ba, haɗa su ta yi. Daga baya taliyar Indomie ta zo da ƙullin garinta, har aka kafa mata masana'anta a nan Kaduna, mai shayi ya samu abin haɗawa da ƙwai da burodi.

Adadin da ya biyo baya ba daɗin ji. Binciken ƙasa da Akinkugbe ya jagoranta a farkon shekarun 1990 ya samu kusan kashi 11 cikin ɗari na manya da hawan jini, amma da ma'aunin da, 160 bisa 95. Da aka sauke ma'aunin zuwa 140 bisa 90, miliyoyi suka wayi gari cikin marasa lafiya ba tare da jininsu ya motsa ba, abin da ya kamata mai karanta alƙaluma ya riƙa tunawa. Duk da haka hauhawar gaskiya ce. Wani nazari da Davies Adeloye da abokansa suka buga a 2021 ya ƙiyasta mutum miliyan 27.5 a 2020, kusan ɗaya cikin kowane baligi uku. Cikinsu ƙasa da kashi ɗaya cikin uku ne suka san suna da shi, waɗanda jininsu ya daidaita da magani kuwa kimanin uku cikin ɗari. Sauran sai ranar da aka ce ɓarin jiki ya shanye, ko aka fara neman kuɗin wankin ƙoda. Gishiri ba shi kaɗai ke da wannan laifi ba, akwai ƙiba da zaman wuri ɗaya da tsufa da gado, sai dai shi ne wanda ke hannun mai girki.

Masana kuwa ba su daina ja-in-ja ba. Babban binciken Intersalt na 1988, wanda ya auna fitsarin mutum fiye da 10,000 a wurare 52 na ƙasashe 32, kowane ɓangare ya karanta shi yadda ya yi masa daɗi. Gwajin DASH na 2001 ya tabbatar da cewa rage gishiri na sauke jini, musamman ga masu hawan jini da baƙar fata. Sai a 2014 binciken PURE, mai mutum sama da 100,000 a ƙasashe 17, ya ce masu cin kaɗan ƙwarai ma suna mutuwa fiye da 'yan tsakiya, jaridu suka buga cewa an wanke gishiri. Masu suka suka amsa cewa fitsarin safiya ɗaya aka auna aka yi ƙiyasi da shi, kuma mai ciwo dama shi ke rage ci. Hujja mafi nauyi ta zo a 2021 daga ƙauyuka 600 na ƙasar Sin, inda aka ba kusan mutum 21,000 ko dai gishirin da aka saba, ko wanda aka maye rubu'insa da fotasiyam. Cikin shekara biyar shanyewar jiki ta ragu da kashi 14 cikin ɗari, mutuwa da kashi 12. Gardamar da ta rage yanzu ta ina za a tsaya ce a can ƙasa. Wanda ke cin giram goma sha, ba bakin da ke ce masa ya ci gaba.

Karatun Zariya ma bai tsira daga bita ba, kuma ɗan gida ne ya yi bitar. Simeon Isezuo ya sake samun kusan mace ɗaya cikin ɗari a Sakkwato a 2007, alamar ciwon na nan daram. Farfesa Kamilu Musa Ƙaraye na Jami'ar Bayero da Asibitin Malam Aminu Kano ya tambayi abin da ya kamata a tambaya tun farko: in kusan kowace mai jego na wanka tana shan kunun kanwa, me ya sa ɗaya ce ke faɗuwa, casa'in da tara su tashi? Da ya gwada masu ciwon da takwarorinsu lafiyayyu, sai ya ga al'adar ba ta bambanta su sosai ba. Abin da ya fito fili shi ne ƙarancin sinadarin seleniyam a jini, da rama, da rashin karatu da sana'a, da hawan jinin masu ciki. Rajistar ƙasa da ya jagoranta, wadda aka buga a 2020 da mata fiye da 400, ta nuna mafi yawansu daga Arewa maso Yamma suke. Wato talauci na da hannu a abin da aka shekara arba'in ana ɗora wa gwaggo da kwaryarta. Wannan bai mayar da kanwa abin sha ga mai raunin zuciya ba, likitocin zuciya har yanzu hana ta suke yi. Amma an rage mata tuhuma daga mai kisa zuwa mai taya ɓarna.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya kan ƙasa da giram 5 a rana ga baligi, ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, alhali a rahotonta na 2023 matsakaicin ɗan Adam na cin 10.8. Ingila ta sauke nata daga 9.5 zuwa 8.1 tsakanin 2003 da 2011 ta hanyar lallaɓa masu burodi da abincin gwangwani su rage a hankali, harshe bai ankara ba. Afirka ta Kudu ta yi doka, ta fara aiki a 2016. Najeriya ta ƙaddamar da nata kundin rage sodiyam a Abuja a watan Maris na 2025, da burin rage kashi 30 cikin ɗari kafin 2030. Dabarar Ingila ta ci ne saboda kashi uku cikin huɗu na gishirin Bature a masana'anta ake zuba masa. A Unguwar Kanawa masana'antar ita ce yatsu uku na uwargida. Gidan mutum goma, kasonsu na yini duka cokali goma ne, kuma ciki har da burodin safe, da yajin ƙosai, da dunƙule shida ko takwas da aka marmasa a miyar dare, da 'yar kanwar da aka jefa don wake ya nuna, da wadda ta sa kuɓewa yauƙi, da ta ɗanwake.

A Janairun 2025 hukumar ta duniya ta ƙara shawarar a koma gishiri mai fotasiyam, ban da masu ciwon ƙoda, waɗanda zai iya yi wa illa. Mai dogon tunani zai yi murmushi, domin ruwan tokar da matar talaka ke tacewa saboda ba ta da kuɗin beza, fotasiyam ne ya fi yawa a cikinsa. Wanda ake sayarwa yanzu a roba, a manyan kantuna, ya ninka na leda tsada, bai kuma iso teburan bakin layi ba.

A kan waɗannan tebura gishiri ƙulli-ƙulli yake, an ɗebo daga buhu, ba takarda ba lamba. Magi ɗaya-ɗaya ake saye. Kanwa kuwa da ido ake cinikinta, ba ta taɓa ganin ma'aikacin NAFDAC ba. Can arewa, duk Oktoba ayari na tashi zuwa Bilma, raƙuman sun ragu, manyan motoci sun karɓi rabin aikin. Kantun da suka sauko da shi yanzu mafi yawansa makiyaya ke saye, su ajiye a garke, shanu su lasa iya son ransu.